Rasuwar Malama Juya-Hagu, Mai Nuna Wa Baba Hanya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Baba mai gyaran keken ɗinki yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk telan da ya taɓa kwance wa keke rasuwar abokiyar tafiyarsa, Malama Juya-Hagu, wato muryar nan ta manhajar taswira da ke cikin tsohuwar wayarsa mai tsagaggiyar fuska. Rai ya yi halinsa ranar Talata da yamma, a tsakiyar gadar sama, tana bakin aikinta. Ta tafi tare da wayar gaba ɗaya, don mai gyaran waya ya ce ba a raba su.

Marigayiya ta shigo gidan ne ta hannun Mama, Allah ya jiƙanta. Kowa ya san Baba: gara ya ƙarar da man tanki da ya sauke gilashi ya tambayi hanya. Mama ta gaji da zagaya unguwa ɗaya har masu shago su fara ɗaga musu hannu, sai ta sa Auta, ƙaramar 'yarsu, ta saka masa manhajar a waya. Baba ya ce shi ba zai bi umarnin macen da bai taɓa ganin fuskarta ba. Mama ta ce ai ita da yake ganin fuskarta kullum ma ba bi yake ba, ya gwada wannan ya gani. Ranar, a ƙofar tsohon gidansu, Mama ce ta sa tabarau ta danna wurin da aka rubuta "Gida" da yatsanta ta sa gidan a ciki, tana yi tana tsaki saboda ƙanƙantar rubutun.

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baba zai shaidi Malama da haƙuri. Ta ce juya hagu, Baba ya miƙe. Ta sake cewa juya hagu, ya yi dama yana ce mata shi ya riga ta sanin garin nan. Duk abin da za ta ce shi ne, "Ana sake duba hanya." Tsawon rayuwarta ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba, kuma babu mahaluƙi ɗaya a gidan da za a yi wa wannan shaidar. Ba ta da tsegumi. Ta san rumfar da Baba ke tsayawa ya sha shayi da sukarin da likita ya hana shi, amma ba ta taɓa kai rahoto ba. Ba ta da ci kuma, taswirarta a cikinta take, ko data ta ƙare ko sabis ya ɗauke tana nan daram. Sunan kuwa jikoki ne suka laƙaba mata, don a ganinta babu inda ba a zuwa ta hagu.

Duk lokacin da wayar ta nemi a sabunta ta, sai Baba ya danna "anjima", kuma anjimar Baba ba ta taɓa zuwa ba. Shi ya sa Malama ta zauna a garin da ta sani, ba ta motsa ba. Sai ka ji ta ce, "A shataletale, ka bi hanya ta biyu," alhali an rushe shataletalen tuntuni. Ta ce a wuce silima, silimar kuwa ta koma shagon katifa. Baƙo zai ce ta zautu, amma Baba kai kawai yake gyaɗawa, don shi ma silimar yake gani a wurin. Su biyu suka rage masu jin wannan yaren.

An ce a faɗi alherin mamaci a bar sauran, sai dai akwai aibi ɗaya da ba ya ɓoyuwa. Bayan rasuwar Mama, Baba ya koma wajen Babban Yaya, ɗansa na fari, a sabuwar unguwa can bakin gari inda gidaje suke kama da juna kamar ƙwai a kiret. Malama ba ta ji labarin tashin ba. Kullum Baba ya gama da layin teloli ya danna "Gida", sai ta kai shi ƙofar tsohon gida ta ce, "Ka iso gida." Daga nan ya ja mota ya ƙarasa, ya tarar abinci ya huce. Babban Yaya ya ce wayar ta fara gigin tsufa, a ba shi ya gyara wurin. Baba ya ce, "Taɓa min waya ka gani."

Babban Yaya ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Idon Baba ya rage, kuma ya fara kiran jika da sunan ubansa. Don haka ya kafa sharaɗi a gaban kowa: ranar da Baba ya ɓata a hanya, ranar makullin mota zai koma hannunsa. Baba ya yi dariya ya ce an ji, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. In babu makulli babu layin teloli, babu akwatin sukundireba da man keke, babu wanda zai hango shi ya ce, "Yawwa, ga likitan kekuna!" Sai kujera a ƙofar gida da jiran a kira shi cin abinci. Ya ga abokansa da aka yi wa haka, kuma ya ga yadda suka ƙare. Abin da ya tsaya tsakaninsa da wannan kujerar shi ne Malama.

Ciwon ajalinta ya fara ne da zazzaɓi. Jikinta ya riƙa zafi har ba ta taɓuwa, Baba ya riƙa kara ta a bakin iskar mota yana yi mata fifita da kwali. Daga nan batir ya kumbura, bayanta ya buɗe, ya ɗaure ta da roba. Sai ruɗewa ta biyo baya: motar tana kan kwalta, ita kuwa ta nuna ta a tsakiyar filin ƙwallo. Baba ya kai ta wajen mai gyara a ɓoye, ba tare da yaran sun sani ba. Mai gyara ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Baba, wannan sai dai haƙuri. Ko kayanta an daina yi." Baba ya ce shi ma kekunan da yake gyarawa an daina yin kayansu, amma suna ɗinki. Ya karɓe abarsa ya fito.

Ranar Talata, suna kan gadar sama, wadda ita ba ta san da ita ba, shi kuma bai taɓa sabawa da ita ba, sai ta buɗe baki ta ce, "A gaba kaɗan, ka juya..." Ba ta faɗi inda za a juya ba. Fuskarta ta yi baƙi. Baba ya kira ta, ya bubbuga ta a cinya, ya hura mata iska a wurin caji, shiru. Ya sauka ta reshen da ba shi ba, ya tsinci kansa a cikin titunan da bai taɓa gani ba. A ranar ce, bayan tsawon shekarun nan, Baba ya sauke gilashi ya tambayi hanya. Ya iso gida rana ta faɗi, ya tarar da Babban Yaya a tsaye a ƙofa. Babban Yaya bai yi faɗa ba, tafin hannu kawai ya miƙa a ba shi makulli.

Auta ce ta shiga tsakani. "Haba Yaya, ana cikin makoki? Ka bar shi zuwa ƙarshen mako. Ga sabuwar waya, ya gwada wasu manhajojin. In bai iya ba, ni da kaina zan karɓo maka makullin." Babban Yaya ya mai da hannunsa aljihu.

Nan fa masu neman gadon marigayiya suka yi layi. Manhajar da Babban Yaya ya kawo mai ilimi ce ƙwarai, ta san duk inda cunkoso yake tun kafin ya haɗu, sai dai son yanke ya yi mata yawa. Don ta rage wa Baba ɗan lokaci ta cusa shi wani lungu inda shanyar mutane ke shafar madubi, sai da aka ɗage benci biyu da tukunyar wata mata kafin ya fita. Ta Auta kuwa bakinta ba ya hutawa: ga rami, ga jami'i a gaba, ga mota ta lalace, sannan ta juyo ta tambayi Baba ko har yanzu motar tana nan. Baba ya ce, "Ni direba ne ko ɗan rahoto?" Mai gyara ma ya kawo tasa, mai ladabi da sanyin murya, amma da zarar sabis ya ɗauke sai ta suma. Gaskiya ɗaya ce, dukkansu sun fi marigayiya sanin garin yau, kuma duk wanda ke gaggawa zai ji daɗinsu. Amma kowacce sai ta ɗauki Baba kai tsaye zuwa sabuwar unguwa ta hanyar da bai sani ba, shi kuma ya ƙi bi, su ƙare suna musu a gefen titi.

Ranar ƙarshe ta wa'adi Auta ta shiga gaban mota ta zauna. Suka taso daga layin teloli, sabuwar murya ta ce a miƙe. Baba ya juya hagu.

"Baba, ta ce a miƙe."

"Na ji ta."

Ya wuce shagon katifa, ya rage gudu a inda shataletale yake a da, ya shiga wani layi da Auta ta gane tun kafin su kai tsakiyarsa. Ya tsaya a ƙofar tsohon gidansu. An canza fenti, takalman 'ya'yan wasu ne a zube a bakin ƙofa. Baba bai kashe mota ba, ya dai riƙe sitiyari yana jira. Sabuwar murya ta ce, "Ka yi kwana ka koma." Ya ci gaba da jira.

Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Daga nan kaɗai na san hanyar gidan yayanki. Ta nan na bi ranar da na tashi, ita ce ta zauna min. Kuma uwarku ce ta sa wurin nan da yatsanta. Ta yaya zan bari a goge?"

Tausayi ya kama Auta. Ta miƙa hannu ta kashe sabuwar muryar, ta share ido da bakin mayafi, ta gyara murya.

"Ka iso gida, Baba."

Baba ya gyaɗa kai ya saki birki. Daga ƙofar nan har sabuwar unguwa bai yi kuskuren kwana ɗaya ba, ya bi cikin gidajen nan masu kama ɗaya ya tsaya daidai ƙofar Babban Yaya. Auta ta ja yayanta gefe ta gaya masa abin da ta gani. Sai Babban Yaya ya karɓi sabuwar wayar, ya goge gidansa daga wurin da aka rubuta "Gida", ya sa tsohon gida. Nasa gidan kuwa ya rubuta masa "Wajen yara". Ya mai da wa Baba wayar, bai ambaci makulli ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da mariƙin waya da ke manne a gilashin gaba har yanzu da hannuwansa a buɗe, da robar da ta yi jinyarta, wadda Baba ya mayar wuyan hannunsa. Ta bar teloli da dama da ba su san ita ce ke kawo musu mai gyara ba. Ta bar magajiya, wato ta Babban Yaya, wadda aka ja wa kunne kan lunguna, aka kuma sanar da ita cewa duk tafiyar yamma zango biyu ce. Baba ya ce muryarta ba ta kai ba, amma yarinya ce, za ta koya.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Asabar da hantsi. Za a taso daga layin teloli, a bi ta shagon katifa, wanda ake roƙon jama'a su kira silima don girmama mamaciya, a ɗan tsaya a ƙofar tsohon gida ba tare da an damu mutanen ciki ba, sannan a ƙarasa wajen yara. A can za a kwantar da ita a aljihun keken ɗinkin Mama, kusa da tabaraunta. Ba a buƙatar gudummawar waya ko shawarar wata manhaja, an gode. Ana dai roƙon masu rakiya kowa ya kashe tasa muryar ya bi motar gaba, kuma wanda ya san yanke ya riƙe saninsa. Babban Yaya zai zauna a kujerar baya. Baba ne zai tuƙa, makulli yana aljihunsa.