Kormoran Yana Nan Tafe

Ko zan manta da komai na shekarun lise, wato babbar sakandare, ba zan manta da wata Asabar da na karanta kalma ɗaya tak da ƙarfi a gaban shagon Kawu Ilyasu ba.

Lokacin saura mini shekara biyu in gama, muna zaune a sabon Zango, can wajen unguwar Agoè. Ni ba mai magana ba ne. Ranakun da ake kwashe mu daga aji a jera mu bakin titi mu yi wa manyan jam'iyya tafi, ina can layin baya, hannuna yana tafi, hankalina yana kan littafin da ke aljihuna. Littafin kuwa ba na darasi ba ne. Akwai wata mai ƙosai kusa da tasha da take naɗe ƙosanta da tsofaffin mujallun Faransa, waɗanda ake sayarwa a kilo an yage musu bango. A cikinsu na tsinci shafukan wasannin bidiyo, irin na'urar nan da ake jonawa da talabijin. Na roƙe ta (sai da na yi sati biyu kafin na iya buɗe baki) ta riƙa ajiye mini waɗanda mai bai taɓa ba. Duk abin da na karanta sai na kwafe shi da jan biro da shuɗi: sunan na'ura, yawan launukanta, yawan maɓallanta. Ban taɓa riƙe ko guda a hannuna ba, amma a layinmu ni ne masani.

A waɗannan shafuka na haɗu da Kormoran. Wata na'ura ce da wani kamfani yake ƙerawa a asirce. Ko hotonta babu, sai zanen inuwa da alamar tambaya. Mujallar ta ce sunan sirri ne da ma'aikatan kamfanin suke kiranta da shi, kuma ranar da ta fito sauran na'urori sun zama tarkace. Na duba ƙamus, na ga sunan wani tsuntsun teku ne. Na ware mata shafi uku.

Kawu Ilyasu ƙanin mahaifiyata ne, rediyo da kaset yake sayarwa. Ya ƙudurta shi zai fara buɗe ɗakin wasan bidiyo a Zango. Ya kwashe rabin shagonsa, ya yi fenti, ya sa kafinta ya buga benci biyu, ya samo talabijin mai kala. Saura na'ura. Sai aka ce masa akwai wani mutum a unguwar Adakpamé da yake karɓar kaya a hannun ma'aikatan jirgin ruwa, yana da sabuwa fil guda ɗaya. Kawu ya ce in shirya in raka shi, tunda ni ne na yi karatun abin.

Mutumin ya ajiye kwalin a gabanmu. Kawu ya turo mini shi ya ce, "Farfesa, duba mana."

Na juya kwalin, na buɗe littafina, na bi shi shafi-shafi har sau biyu. Sunan da ke jikin kwalin babu shi a ciki.

Na ce, "Kawu, wannan ba a san ta ba."

"Wa bai san ta ba?"

"Turawa."

Mai kayan ya yi tsaki. "Alhaji, yaro yana nuna maka takarda, ni ina nuna maka kaya. Bari in kunna ka gani."

Ya kunna. Gaskiya ban taɓa ganin launi irin wannan ba, har bakina ya ɗan buɗe. Amma na ce a raina, idan wadda ba a sani ba haka take, ina ga Kormoran? Na ja Kawu gefe na yi masa bayani mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata. Na ce ya yi haƙuri kaɗan, babbar tana nan tafe, duk wanda ya sayi wannan zai yi kuka. Kawu ya dubi jan biro da shuɗin nan, ya ga layi a miƙe, ya yarda.

Bayan kwana uku Musa Zabarma, mai shagon da ke kallon namu, ya je ya ɗauko ta, ya buɗe nasa ɗakin wasan.

Wata takwas muka yi muna jira. Tsallaken titi jama'a har waje, ana ihu ana tsalle. A namu ɓangaren kuwa tsofaffi suka gano bencin Kawu yana da daɗin shan shayi. Duk Juma'a in mun taso masallaci sai ya ce, "Farfesa, tsuntsun naka ya taso?" Ni kuma in ce, "Yana nan tafe, Kawu."

Ran Asabar ɗin, na'urar Musa ta ƙi kamawa. Ya rungumo ta ya kawo wa Fo Kosi, wani dattijo ɗan Ewe mai gyaran rediyo da ke da tebur a barandar Kawu. Masu wasa suka biyo shi, masu shayi suka matso. Ni da ba na magana a gaban mutum uku, ranar sai ga ni na ce, yadda kowa zai ji, "Ai na faɗa. Kayan da ba su da asali ke nan. Da Kormoran ce da ba ta yi haka ba."

Fo Kosi ya jawo na'urar gabansa. Ya kwance kusoshi, ya ɗaga murfin, ya hure ƙura. Ya ƙanƙance ido a kan koren allon da ke ciki, sannan ya ce, "Ɗan lise, idona ya gaji. Zo ka karanta mini ɗan rubutun nan na gefe."

Na gyara tsayuwa. Na sunkuya. Da muryar nan da nake karatu a aji, harafi bayan harafi, na ce, "Kor-mo-ran."

Sai da kalmar ta fita kunnena ya ji ta.

Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sake karantawa."

Na sake, a hankali.

Fo Kosi ya ce, "Haka suke yi ai. Tana cikin masana'anta suna kiranta da wani suna na tsakaninsu. Ranar da za ta fita kasuwa sai su raɗa mata na gaske. Wani lokaci su bar tsohon a kan allo, tunda ba mai buɗewa sai irinmu."

Musa ya dafe ciki. "Wato Farfesa ya ƙi jaririn ne don an yi masa suna!"

Dariyar da aka yi, har mai shagon tela ya leƙo. Kawu kaɗai bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Wato wata takwas ɗin nan tsuntsun yana tsallaken titi?"

"E, Kawu."

"Kullum ina jin kukansa."

"E, Kawu."

Da na koma gida na zazzage mujallun. A ƙasan kowane shafi, da ƙananan haruffa kusa da lambar shafin, akwai wata da shekara. Sun haura shekara biyu da bugawa. Na kwafe yawan maɓallai, na kwafe yawan launuka, wannan layin kaɗai na ga bai isa shiga littafina ba.

Kawu ya koma Adakpamé, mutumin ya ce babu, kuma ko akwai ba zai sayar wa mai zuwa da farfesa ba. Daga ƙarshe Musa ne ya sayi talabijin ɗin da bencin, don ɗakinsa ya yi wa jama'a kaɗan. Kawu bai zage ni ba, bai kai ƙarata gida ba. Cewa kawai ya yi ni zan tsallaka da bencin, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka.

Tun daga nan na koyi cewa kafin in ce wa mutum abu yana nan tafe, in fara leƙa shagon maƙwabci ko ya riga ya iso. Ita na'urar ta yar da sunan ta ci gaba da harkarta. Ni aka liƙa wa shi. Yau ina da furfura da 'ya'ya huɗu, amma in ka shiga Zango ka tambayi sunana na yanka, sai an yi ta kallon juna. Ka ce gidan Kormoran kawai, za a raka ka har ƙofa.