Jan Layi a Ƙarƙashin "Kada"

Jama'a, yau tun hantsi ina zaune a zauren maƙwabcina Malam Mikaila, da aska a hannu, ina kankare jar tawada daga takardun karatu. Ni da sana'ata goro ce, ga inda maƙwabtaka ta kai ni.

Malam Mikaila shi ke koyar da boko a nan Yendi. Bara masinja ya zo a kan keke da umarni daga babban makarantun yankinmu, Mai Dogon Tunani, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi: duk kalma mai nauyi a ja mata jan layi, daga Salaga har Bawku, bai ɗaya. Malam ya bi. A darasin tsabta ya rubuta "Kada a sha ruwan kududdufi", ya ja wa "kada" layi ja wur.

Bana wani Mai Dogon Tunanin ya hau kujerar. Sarki goma, zamani goma. Shi kuma ya ce jan layi alamar kuskure ce, duk abin da aka ja wa, a tsallake shi. 'Yan makarantarmu akwai biyayya. Suka tsallake "kada".

Sai ga Zuleha mai koko a ƙofar Malam, ko ludayi ba ta ajiye ba.

"Malam, kai ka ce 'ya'yana su sha kududdufi? In kurkunu ya fito musu, kai za ka zauna kana naɗe shi a tsinke?"

Malam ya ba ta haƙuri, ya rubuta sama yana neman haske. Bayan wata uku amsa ta iso: umarnin biyu duka suna nan daram, tunda ba a janye ko ɗaya ba, kuma malamin da ya saɓa wa ɗayansu ya ɗaure kayansa. Allah ya bar mana masu hikima. Mutum mai iyali tara ake gaya wa haka.

Ran Alhamis mai duba makarantu zai zo. Na ce, "Malam, yaron wane ne daga cikin Masu Dogon Tunanin biyu?"

Ya ce, "Ba su faɗa ba, Alhaji."

Shi ya sa muke kankare rabi, muna barin rabi. Duk wanda ya shigo, a miƙa masa nasa.

Af, ɗazu direban Bawku yake raɗa mini wai akwai Mai Dogon Tunani na uku a hanya. An ce shi koren layi yake so.