Tattabaruna Ba 'Yan Reno Ba Ne

Alhasan ɗan kawuna ya kwashe ƙwan tattabaruna kaf, ya sa musu ƙwan nasa na tsere, suka ƙyanƙyashe masa, suna yi masa reno a cikin gidana da dawata.

Fiye da wata na yi a Damazin wajen ɗiyata Ibtisam. Cikinta ya tsufa, jininta ya yi ƙasa, mijin kuma yana can inda yaƙi ya jefa shi. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Alhasan a ƙauyenmu na gefen Wad Haddad, shi ya sa na bar masa makullin ɗakin tsuntsaye, ya riƙa watsa musu hatsi. Aure shida ne, baladi, irin na gida masu ƙirji. Don romon yarinyar nan na tara su, tunda naman kasuwa ya fi ƙarfin kowa. Ranar da na dawo da ita na zura hannu a tukunyar farko cikin waɗanda suke kwanci a ciki, in ji nauyin ɗan shila, sai na ciro wani siririn abu mai dogon wuya da zobe a ƙafa. Na bi sauran tukwanen. Goma na ƙirga, duk masu zobe, auren ƙarshe kuma yana kwance kan ƙwan da ba nasa ba.

Ban yi ihu ba. Na sake kwaɗo, na kwanta. Da safe ina kan kujera ina soya bunnu, gahawarmu ta safe, sai ga shi da jallabiya duk kashin tsuntsu, yana kaɗa tsohon makulli. Uwata ƙanwar ubansa ce, ni 'yar mace, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara bai taɓa kirana da sunan kirki ba.

"…da gajiyar hanya kuma, baiwar gidanmu? An dawo ba a zo gaida ubangiji ba?"

"Gajiya ta bi mota. Wane irin ubangiji ne wanga mai yawo da makullin aro?"

"Makullin ma ya ƙi buɗewa. Kwaɗonki ya lalace, Hindu."

"Bai lalace ba, hankali ya yi."

"To ba ni sabon, in duba yarana."

"Yaranka suna gida wajen matarka Ruƙaya, an aske su. Waɗanga na tukwanena nawa ne."

"Naki? Kin taɓa ganin baladi ta haifi mai zobe?"

"Ban taɓa gani ba, shi ya sa zan dafa in ji ko zoben na ƙara daɗi."

Ya ja kujera ya zauna ba wanda ya ce ya zauna, ya miƙa hannu ya ɗauki finjalina.

"Saurara, ke ba ki san harkar zajil ba, tattabarun tsere. Arba'in nika so in fitar bana kafin zafi ya shigo."

"Arba'in mi? Tsuntsu ko ciwon kai?"

"'Yan shila arba'in. Shaho zai ɗauki rabonsa, wayar lantarki ta ɗauki nata, wasu a sake su a Dinder su bi 'yan mata su ɓace. Cikin arba'in, goma za su tsaya. Cikin goma, ɗaya zai sa Zakariya da sauran masu tsere su daina ɗaga mini hanci a wurin mai shayi. Su sunka ce ba ni iya ko talatin."

"Sai ka ga tattabarun baiwa suna zaune ba aiki."

"Yawwa, kin gane! Tawa in ta tsaya kwanci da ɗura, lokaci ya tafi. In na ɗauke ƙwan, ta sake yin wasu. Taki kuwa mi ta iya ban da kwanci? Baiwa ta yi wa ubangiji reno, tattabarar baiwa ta yi wa ta ubangiji. Haka munka tarar."

"Haka kunka tarar a gidanku, inda kawu ke aron jakin uwata ya maido shi da yunwa. Ina ƙwaina?"

"Waɗanne?"

"Alhasan."

"Na soya da albasa."

"Ka soya!"

"Wallahi ko rabin kisra, 'yar wainar dawar nan, ba su kai ni ba. Ki gode mini, na gwada miki su, ba su da albarka."

"Allah ya sa su ƙyanƙyashe a cikinka, ka riƙa guɗa irin ta tattabara a sahun sallah."

Ya kwashe da dariya har bunnu ya zubo masa a gemu. Ni ban yi dariya ba, na ƙara wa gawayi iska.

"Hindu, ki san darajar abin da ke gidanki. Huɗu daga cikinsu ɗiyan Habub ne."

"Wane ne kuma Habub?"

"Namijina! Bara anka sake shi a Damazin, mai sakin ya ɗauko waya zai gaya mini, kafin layi ya shiga Habub na kan katanga yana gyara gashi."

"Layin ƙauyen nan? Ko ni na taso da ƙafa sai in riga shi. Ni abin da na ji, a kwali anka maido ma shi cikin motar albasa."

"Ƙarya ce ta maƙiya. Hutawa ya tsaya yi a Sinja."

"Kwana nawa?"

"Ba a tambayar babba inda ya kwana. Kakansa da takarda ya shigo Sudan, ta jirgin sama."

"Mu kakanninmu da ƙafa sunka taso daga Sakkwato za su Makka, ba su cika mana kunne haka ba. To arba'in ɗin, ina za ka zuba su? A ɗakin nan naka da ashirin ke kwana a tsaye?"

"Zan ƙara gini."

"Da wane bulo? Bangon bayinka ya faɗi tun damina, buhu ka rataya. Kowa ya zo wucewa sai ya gaishe ka."

"Mutane na da ladabi."

"Kuma mi za su ci? Na ga adas, ƙananan waken nan masu tsada, da masara da gyaɗa kake ba su, Ruƙaya na can tana kaɗa miyar kuɓewa ba ko ƙashi."

"Ruƙaya ba ta tsere."

"Za ta fara, gidan ubanta."

Ya ajiye finjalin, ya gyara hula, ya yi irin muryar nan ta masu gari.

"To na ji. Ki dafa. Wa zai yanka miki? Duk unguwar nan ba namijin da zai sa wuƙa a wuyan ɗan Habub. Suna tsoron Allah, suna tsorona."

"Ba sai an yanka ba. Zan bar su su girma."

"Kin ga hankali ya dawo. Ba ni makulli in kwashe su yau, gashinsu ya cika."

"Su girma a nan na ce."

Nan dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Duk mai kiwon tattabara ya san inda ɗan shila ya fara tashi, can ne gidansa har ya mutu. Shi kuwa zumuɗin arba'in ya mantar da shi cewa gidan renon ba nasa ba ne.

"Ba da daɗewa ba za su fara hawa katangata," na ce masa. "Su kewaya bishiyar nim ɗina, su san rufin rakubata, rumfar nan da muke zaune. Sai ka ɗauke su ka kai Dinder ka sake. Ka tara Zakariya da 'yan kallo a gidanka, ku shimfiɗa tabarma, ku ɗaga kai sama. Ɗan Habub ya taho kamar harsashi, ya wuce ku, ya sauka gefen murhuna."

"Hindu…"

"In fito in ce, wa ke neman na ɗaya? Yana nan yana cin ƙanzo."

"Ba a wasa da wanga."

"Da wanne ake wasa? Da ƙwaina?"

"Za su yi mini waƙa a wurin mai shayi."

"Ni zan ba su amshi."

"Haba 'yar gwaggona. Haba uwar ɗakina."

"Au, an 'yanta ni?"

"Tun bara na 'yanta ki, takardar ce ba ta iso ba."

"To ubangiji, sauko. Nawa za ka fitar bana?"

"Talatin da biyar."

"Ka ji zakara na cara? Ni ban ji komi ba."

"Talatin. Ƙasa da haka Zakariya ya ci ni."

"Zakariya ne zai share ma kashi? Zakariya ne zai tsaya kansu in ciwo ya shiga ɗakin, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar wancan karon da kake binne su da cebur?"

"Wancan karon iska ce."

"Cunkoso ne. Har nan nika jin warin."

Ana haka labulen ɗaki ya motsa. Ibtisam ta fito tana dafa bango, ɗaya hannun a ƙugu. Daga ƙofa zuwa inuwar rakuba ba nisa, amma sai da ta tsaya ta huta.

"Kawu Alhasan, ina kwana? Tun ɗazu nika jin ku, na ce bari in fito kafin a yi kisa."

Ya amsa, amma idonsa na kan leɓenta. Ya ce ta buɗe hannu. Ta buɗe. Tafin fari fat kamar an wanke da toka. Rabonsa da ita tun bikinta, lokacin tana cika ƙofa. Sai ya sassauta murya.

"Mi ungozoma ta ce?"

"Ta ce in ci nama, kawu. Na ce mata to."

Na taimaka mata ta zauna a gado. Shi kuma ya tsura wa ɗakin tsuntsaye ido, yana murza tsohon makullin a hannu. Sai ya jefa shi cikin tire, ya fashe da dariya.

"Kai jama'a! Baiwa ta ci gari. Ashirin."

"Ban ji ba."

"Ashirin, kurma! Abin da ɗakina zai ɗauka, kuma nawa su yi kwancin abinsu. Ki ba ni ɗiyan Habub huɗu, shidan ki zuba a tukunya."

"Ƙwan da ke ƙarƙashin auren ƙarshe fa?"

"Zan kwashe. Naki su koma haihuwar talakawansu."

"Wa zai yanka?"

"Ki nemi…"

"Duk unguwar suna tsoronka, kai ka faɗa."

"La haula. Ni zan yanka jikokin jirgin sama da hannuna?"

"Da bisimilla. Biyu yau, kafin azahar."

"Ibtisam, kin ga uwarki? In kinka sha romon nan, ɗanki ba zai yi rarrafe ba. Ranar suna za a neme shi a gan shi kan katanga."

"In namiji ne sunanka zan sa masa, kawu."

"A'a!" na ce. "Ɓarawon ƙwai ɗaya ya ishe mu a dangi."

Ya tsallaka gida, ya dawo da wuƙa da kwano cike da adas ɗin Habub, ya dire gaban yarinyar ya ce wannan na masu tsere ne, kada a ba tsofaffi. Na buɗe masa kwaɗo, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya zaɓi huɗunsa ya sa a aljihun jallabiya, biyu dama biyu hagu, kawunansu a waje. Ya yanka biyu a gindin nim yana share ido, wai hayaƙin gawayina ne. Ramammu ne, duk ƙashi da fiffike, amma ta shanye romon har da kurɓar kwano.

Da Alhasan mun gama. Saura ku.

Huɗu suka rage mini, haihuwa ta ƙarato, nawa tsuntsayen kuwa sai sun yi sabon ƙwai, sun yi kwanci, sun yi ɗura, kafin in ga ɗan shilan da zai cika hannu. Wannan giɓin ku kuka haƙa shi. Kai Zakariya, da duk mai zama a bencin mai shayi yana zuga mutum ya fitar da abin da ɗakinsa ba zai ɗauka ba, na san sunayenku, na san matanku. Kowannenku ya aiko mini da 'yan shila biyu, ku tsara a tsakaninku wa zai fara, har yarinyar nan ta yi arba'in. Kuma kada wanda ya kawo mini mai rai. Na san kyautar masu zajil, a ba ka da safe, la'asar tana kan katangar mai ita. A yanka, a fige, a ƙwanƙwasa mini ƙofa.