Ranar Da Na Mai Da Mai Sito Darakta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa wani dattijo ɗan Sifen ƙarin girma da bakina ba, alhali ko ɗaukata aiki kamfaninsu bai yi ba tukuna.

A unguwar Malaz da ke birnin Riyad na tashi. Baba direba ne a ofishin jakadancin wata ƙasa mai magana da Sifaniyanci, ta dalilinsa na samu shiga ajin koyon harshen a unguwar jakadu. Son harshen nan ya kama ni sosai. Ina wanke-wanke ina jera kalmominsa a baki don daɗin amonsu kawai (Umma ta ɗauka azkar nake yi, ni kuma ban gyara mata ba). To ranar da Baba ya dawo ya ce wani kamfanin gine-gine na Sifen yana neman tafinta, za su gwada ni a wani zama, in na yi abin kirki su ɗauke ni, sai da na zagaye falo da gudu. Na goge abayata har ta fara ƙyalli. Kafin gari ya waye na riga na ga kaina a jirgi, ina kallon gonakin zaitun ta taga.

Aikin ba shi da wuya. Balaraben da suke yi wa gini, Abu Faisal, ya gayyaci ma'aikatan shan gahawa a majalisin ofishinsa, wato ɗakin karɓar baƙi. Shi yana jin Turanci, yawancinsu ba sa ji. Zan tsaya a bakin ƙofa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa da Sifaniyanci, ni in mayar Turanci.

Na farko mai awon fili, na biyu mai haɗa lantarki, duk na ba su sunayen da Bature zai ji ya gane nan take. Ina jin muryata tana fita sumul, har ina burge kaina. Sai ga Don Ramiro. Gashinsa fari fat kamar auduga, tafiya a hankali, ga murmushi irin na kakan da ya ɓoye alewa a aljihu. Ya ce shi "encargado de almacén" ne, wato mai kula da sito.

Na san kalmar Turancin sarai. Tana kan harshena. Amma a gidanmu ba a kiran babba da ƙaramin aiki a bainar jama'a. Maƙwabcinmu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki Injiniya muke ce masa, mai kemis ɗin layinmu Dakta ne tun ina goye. Yaya zan dubi wannan furfura in ce mai sito? Sai kawai na ji bakina ya ce, "Director General of Supplies."

Na ƙarshe da ya shigo shi ne Habiya, shugaban aikin baki ɗaya, matashi siriri da ya tsaya amsa waya a waje. Ya ce "jefe de obra", na ba shi daidai abin da ake faɗa a Turanci, "site manager". Fassarar da ta fi kowacce inganci a ranar ke nan. Abu Faisal ya gyaɗa masa kai, ya nuna masa kujera can kusa da ƙofa.

Wanda ya san Riyad ya san ba a zuba gahawa da ka. Daga babban baƙo ake farawa. Abu Faisal ya kama hannun Don Ramiro ya zaunar da shi a damansa. Mai zuba gahawa, wani magidanci baƙi dogo, ya tsallake kowa ya miƙa masa kofin farko. Aka kawo turaren wuta, shi aka fara turara wa. Dattijon ya waigo ya tambaye ni a hankali me ke faruwa, na ce masa Larabawa na girmama manya (gaskiya ce, sai dai ba ita ke nan duka ba).

Can Abu Faisal ya gyara zama ya tambaye shi ko za a gama ginin kafin azumi. Na mayar masa. Don Ramiro ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ina ya sani, abin da ya sani safar hannu ta ƙare a sito, siminti kuma har yanzu ana jira. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce Darakta ya ce komai zai zo a lokacinsa, da zarar kowane hannu ya samu abin da yake buƙata. Allah Ya yafe mini, har daɗin jimlar na ji.

Ta yi wa Abu Faisal daɗi shi ma. Ya sa aka ɗauko alkyabba mai bakin zinare, ya yafa wa Don Ramiro da hannunsa, ya ce yau ya ji magana daga bakin Darakta Janar, hankalinsa ya kwanta.

Habiya ya ajiye kofinsa. Cikin ladabi, da Turanci mai kyau, ya ce, "A gafarce ni, wane ne Darakta Janar? Ramiro mai sitonmu ne."

Kowa ya juyo gare ni. Harsuna huɗu nake ji, amma a lokacin uku suka gudu suka bar ni. Da Hausa na ce, "To ai ya girmi babana."

Mai gahawar nan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ashe mutumin Maraɗi ne. Abu Faisal ya tambaye shi me yarinyar ta ce, ya fassara masa da Larabci. Ni da aka kawo tafinta, ga shi ana yi mini tafinta.

Abu Faisal ya yi dariya har da share ido. Ya ce alkyabbar da aka yafa ba a cire ta, ya kira Habiya ya zauna a hagunsa, suka ci gaba da maganar gini da Turanci ba tare da ni ba. Don Ramiro kuwa, da aka yi masa bayani, sai ya ƙara gyara alkyabbarsa ya miƙa kofi a ƙara masa.

A bakin mota Habiya ya yaba Sifaniyancina. Ya ce sai dai kamfani na son wanda zai bar kowa a kujerar da aka ba shi, amma duk ranar da suka tashi rabon muƙamai za su neme ni. Ba su neme ni ba.

Baba ya saurari labarin yana tuƙi har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Mamana, da kika tashi rabo, ni da nake tuƙa jakada me kika tanadar mini?"

Yanzu ina fassara a wani wurin, kuma na koyi darasi. In dattijo ya faɗi aikinsa, nakan gaishe shi da kyau, in tambayi lafiyar iyali, sannan in sunkuyar da kai in faɗi aikin yadda yake, da sauri, kafin tausayi ya riga ni.