Tafintan Baƙon Gana

Da maigari ya ce wanda zai haƙa mana rijiya daga Gana yake, ni aka naɗa tafinta, don na yi lakwal har aji shida, ga kuma ɗan littafin Ingilishi da na saya a kasuwar Filinge. Mako uku ina auna kalmomi uku na roƙo: mai kama da umarni, mai kama da bara, da ta tsakiya. Tsorona kada in zaɓi marar kyau, rijiya ta koma garin Damana. Ranar da ya iso, na tabbata duk ƙasar Kurfai babu kamar ni.

Tun bakin mota na tare shi, cikin rana, ban bari an miƙa masa ko ruwa ba. Na fara da kalma ta farko, na ji ta yi kaushi, na koma ta biyu, na sake jawabin daga tushe. Dattawa na gyaɗa kai, baƙo na zuba gumi.

Can ya dubi maigari ya ce, "Baba, don Allah a ba ni ruwa. Kakana ɗan Filinge ne, Hausa muke yi a gida."

An haƙa rijiyar. Har yau in na biyo ta bakinta, mata kan ɗaga guga su ce, "Malam Tafinta, za ka sha, ko sai an ƙare jawabi?"