Ƙafar Kaka a Kan Totur

"Lafiya lau na kwana, ban da gwiwa, ban da ganin ka da sassafe," in ji Kaka, tana gyara zaman tabaraunta. "Gaisuwar nan taka ta yi tsawo. Me kake nema?"

Dogo ya ƙara durƙusawa, don kuwa ta gano shi. Jiya a garejin abokinsa ya wuni. Suka soka wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyarin motar gida, suka yi ta danne-danne, har allon gaban motar da ba ya nuna komai sai rediyo da taswira ya koma nuna abin da ke gudana a cikin injin. Yaro ya dawo gida baki har kunne. Baba kuwa leƙawa ɗaya ya yi ya yanke hukunci: motarsa ba ta tsere ba ce, a cire tarkacen nan yau da safe, in ba haka ba Dogo ya ajiye makulli, shi da tuƙi sai gani. A gidan kuma mutum ɗaya ce ke iya warware maganar Baba, ita ce wadda ta haife shi.

"Haba amaryata, kyauta na kawo miki. Tashi ki gani, tana waje."

"Amaryar wa? Allah ya raba ni da miji mai wuya kamar sandar labule."

"Ni ma haƙuri nake yi. Wa zai kwashi amaryar da haƙoranta ke kwana a kofi?"

"Sun fi ka gata, su kullum ana wanke su. Miƙo min hannu, ɗan banza."

Ya riƙo ta har bakin mota, ya zaunar da ita a gaba, ya zagaya ya tayar da injin. Allon ya haska, allurai suka yi wani juyi suka dawo mazauninsu. Dogo ya washe baki don daɗi, kamar bai taɓa gani ba.

"Iko sai Allah! Agoguna ne reras a jere," in ji Kaka. "To, ƙarfe nawa?"

"Ba na lokaci ba ne, Kaka."

"Agogon da bai san lokaci ba? Kun dace, kai ma ba ka sani ba."

"Ki tsaya mana! Wannan zafin injin yake aunawa. In ya hau ja, mota ba ta da lafiya."

"Au, ita ma hawan jini gare ta? Ba mamaki, kai ke tuƙa ta. Nawa ma ranar da aka haife ka ya tashi."

"Murna ce ta tayar da shi, kin ga kyakkyawan miji. Dubi wannan babban. Juyawar injin ce. Kalli allurar da kyau!"

Ya ɗan taɓa totur. Mota ta yi gurnani, allura ta zabura sama ta dawo, ta bar wani ɗan jan ɗigo a inda ta kai. Kaka ta ƙura wa ɗigon ido. Dogo ya san ta sarai, kallon nan nata ba na banza ba ne. Ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa allon.

"Wannan jan abin fa?"

"Shaidar inda ƙafar mutum ta kai. Nan zai zauna sai wani ya wuce shi."

"Nan ne iyakar ƙafarka? Duk tsawon nan da ake yanka maka yadi na musamman?"

"Injin ne bai gama ɗumi ba."

"Kai ne ba ka gama nuna ba. Ƙafar nan tawa ta ga bayan kekunan ɗinki ba adadi, da ita na ɗinka wa ubanka wandon makaranta. Tashi min daga kujerar!"

Dogo ya waiga wajen gida. Baba na falo yana shan shayi, tagar kuma a buɗe take. Amma in ya hana ta, shi ke nan ya rasa lauyansa. Ya ja burkin hannu iya ƙarfinsa, ya tabbatar mota ba ta cikin giya, suka yi musayar wuri. Kaka ta tuɓe takalmi ta jefar waje, kamar yadda ta saba in za ta hau keke. Ta ɗora tafin ƙafa a kan totur, ta fara kaɗa shi gaba da baya, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu. Mota ta kama vum, vum, vum, allura na tsalle.

"Kaka, ba ɗinki ba ne! Sau ɗaya ake takawa!"

"Rufe min baki, yanzu na kama kalmasa!"

"Kin kusa! Wallahi kin kusa! Saura kaɗan!"

"Ka ga aikin manya? Ka gani?"

Allura ta shafe jan ɗigon Dogo, ta wuce can sama. Kaka ta ƙwalla ihu, ɗankwali ya zame. Dogo ya manta da Baba, ya manta da makulli, yana dukan cinyarsa yana "Ƙara! Ƙara!" Karnukan maƙwabta suka ɗauki haushi.

Sai ga bugu a gilashin direba, bam bam bam. Gilashin mai duhu ne, daga waje ba a ganin na ciki. Baba ne, da kofin shayi a hannu, ransa a ɓace.

"Fito, mara kunya! Ƙato da kai ba ka san ciwon kanka ba! Ba ni makullin nan!"

Dogo ya noƙe a kujera. Kaka ta lalubi maɓalli, gilashi ya sauka a hankali.

"Maimaita, yaro," ta ce. "Ban ji ba, injina na ƙara."

Baba ya dubi uwarsa, ya dubi ƙafarta ba takalmi a kan totur. Shayi ya ɗan zube masa a riga. Sai kawai ya rusuna a gefen taya.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Agogunan nan mijina ne ya kawo min. Ka ga jan ɗigon can? Nawa ne. Kada wanda ya taɓa min su."

"To, Inna. A dai riƙa yi a hankali." Ya harari Dogo ta ƙasan ido, ya koma ciki yana goge riga.

Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ya kwantar da kai a jikin kujera. "Kin ce mijina. A gaban shaida kika faɗa."

"Bakina ne ya suɓuce."

"Ba ya suɓucewa sau biyu? Ban ji da kyau ba, injina na ƙara."

Kaka ta fashe da dariya har sai da ta dafe haƙoranta kada su faɗo. Ta buɗe gidan tabarau, ta zaro ɗan ƙyallen nan mai laushi da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta cusa masa a hannu.

"Na yarda, yau kam ka yi aikin maza. Ungo, ka riƙa goge min allon, hancina ya ɓata shi. Kuma ka zo da wuri gobe, ƙafar hagu ba ta gwada ba. Sauka ka nemo min takalmina."