Giyar Malam Sama'ilu Ta Gyaru, Saura Hanya

Jiya na raka maƙwabcina Malam Sama'ilu kai tumatirinsa kasuwa daga Watari. Kwando talatin ne, noman raninsa na bana kaf. In hantsi ya wuce, masu saye sun loda sun tafi, sai dai ya zubar.

A-kori-kurarsa ta girmi ɗansa na fari. Sandar giyarta ta saki, tana yawo kamar muciya a tukunya. Ka nemi giya ɗaya ta ba ka uku, ka faɗa rami ta fita da kanta. Shekara biyu yana ɗaure ta da robar keke a ƙafar kujera.

Saboda wannan tafiya ya kai ta wurin Mudassir bakanike. Mudassir ya ciro robar gindin sandar, ashe ta cinye tas. Ya yanko wata daga tsohuwar tayar tirela, ya feƙe da wuƙa, ya shafa giris, ya ɗaure tamau.

"Malam, yanzu da yatsa biyu za ka sa ta," in ji shi.

Haka kuwa aka yi. Ɗaya, ƙwas! Biyu, ƙwas! Uku dai ba mu gan ta ba, ramukan hanyarmu ba su ba da izini ba.

Muna tsakiyar wani ƙuncin hanya, ruwa dama, ruwa hagu, sai ga jiniya. Mai Girma Uban Alkawari ne, Allah ya ja zamaninsa, ya zo aza harsashin wannan hanya karo na huɗu, da motoci goma sha takwas.

"Baba, koma baya!" in ji wani mai tsaronsa mai baƙin tabarau.

"Yallaɓai, tumatir ne fa!" in ji Malam.

"Ko zinare ne."

Muka yi ta komawa da baya har gindin rimin da muka baro da asuba. Nan aka tsare mu sai da aka gama jawabi aka tafa. Azahar ta yi, tumatir na tsiyaya ta ƙasan kwanduna. Wallahi kasa duban Malam na yi, don tausayi.

Ya ɗora hannunsa a kan sandar, idonsa ya yi ja. Can ya ce, "Amma ka ga yadda ribas ta shiga?"

Mai Girma, ranka ya daɗe, mun gode. In za a dawo karo na biyar, a taimaka a zo da damina. Lokacin ba mu da tumatir, hanyar ma ba ta biyuwa.